Wai garkuwar jikin mutum ce ke toshe masa jijiyar zuciya?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, ta hana ni sakat. Yayana da nake bi wa tela ne, shekararsa 47. Siriri ne kamar sillen kara, bai taɓa sa taba a baki ba, nama kuwa sai ranar suna ko layya. Sati uku ke nan yana bisa keken ɗinki ƙirjinsa ya ɗaure, zufa ta karyo masa, hannun hagu ya yi nauyi. Muka kwashe shi sai asibiti. Aka ce jijiyar da ke ba zuciya jini ce ta toshe. Alhamdu lillahi ya tashi, yana gida. Abin da ya ɗaure min kai, likitan ya tsaya yana ta jujjuya yatsunsa, yana tambayar ciwon gaɓɓan da ya shekara tara yana fama da shi, wanda yatsu ke kumbura su sandare da safe. Ya ce da hannun wannan ciwon a abin da ya faru, wai garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar jikin har ta kai ga jijiyoyi. To ni a sanina garkuwa kariya ce, kuma kitse ke toshe jijiya. Mutumin da ba shi da kitse fa? Ina ruwan yatsa da zuciya?

Hajiya Mai Atamfa:
Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Tsohon Direba:
Amin. Yaro, ni shekara talatin ina jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Kwatano, abin da na sani tiyo ba ya toshewa sai in datti ya taru ciki. Mai ne. Tun da munka bar man gyaɗar da mata ka matsawa gida munka koma ma na jarka, ciwon ga ya yawaita. Zancen garkuwa kam yau na fara jin shi.

Nana Aji Shida:
Baba Direba ina wuni. Misalin tiyo shi kowa ke kawowa, ni ma da shi na shiga jami'ar Ɗan Dikko, sai da na kai aji uku aka cire min shi daga ka. Datti a tiyo cikin ramin yake kwanciya. A jijiya kuwa maiƙon ba cikin ramin da jini ke bi yake taruwa ba, cikin naman bangon yake shiga.

Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana da wata shimfiɗa daga ciki, siririya ƙwarai, sumul kamar ɗakin da aka shafe da siminti. Hawan jini, hayaƙin taba da sukari mai yawa suna ƙuje ta. Sai kolestarol, irin wanda ake rubutawa LDL a takardar analiz, wato awon jini, ya samu kafa ya kutsa ƙarƙashinta ya maƙale, ya lalace a wurin kamar tsohon mai da ya sauya wari. Jiki ya gan shi ya ɗauka baƙo ne. Ya turo fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin garkuwa, su ratsa bango su rikiɗe su zama abin da muke kira makrofaj, aikinsu haɗiye datti. Su yi ta haɗiya ba ƙoshi har su kumbure, in ka duba su a madubin likita kamar kumfar sabulu. Da yawa a nan suke mutuwa. Gawarsu ta gauraya da maiƙon ta zama wani abu kamar kunu mai kauri, kuma kafin su mutu sun riga sun yi kururuwa, wasu sun taho. Jijiya ta yi ƙoƙarin rufe wurin da wata fata mai tauri, daga baya sinadarin ƙashi ya zauna a kai. Taurin jijiya da kuke ji ke nan. In misali ake so, maruru ya fi tiyo kusa da gaskiya.

Tsohon Direba:
Maruru cikin jijiya? Allah shi kiyashe mu.

Nana Aji Shida:
Amin Baba. Kuma kamar maruru, ranar fashewa ce matsala. Makrofaj ɗin nan suna fitar da sinadarai masu cin fatar da ta rufe wurin, ta yi ta sirancewa. Ran da ta yage, jini ya taɓa abin da ke ciki, nan take ya daskare ya yi guda, hanya ta rufe cikin mintoci. Shi ya sa za ka ga mutum da hantsi yana ciniki lafiya lau, da azahar ya faɗi. In jijiyar zuciya ce, abin da ya samu yayan Ɗan Bagalam ke nan. In mai zuwa ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

Sarkin Zogale:
To ai magana ta fito. Garkuwa ce ta yi rauni. Ɗan'uwa ka nemo masa habbatussauda, tafarnuwa, zuma farar saƙa da garin zogale, safe da dare. Wata ɗaya garkuwarsa za ta dawo daram. Ina da haɗi in kana so.

Majo Burja:
Sarki, ka karanta kuwa ko ka tsallake zuwa talla? Yarinyar nan cewa ta yi sojojin sun yi yawa a wurin, sun ƙi tashi. Ba rauni ba ne, wuce gona da iri ne. Kamar a kira ƴan banga su kama ɓarawo ɗaya a kasuwa, su zo su kama, su ƙi tafiya, su kwana nan suna farfasa rumfuna. Kai kuma ka ce a ƙaro wasu. Zogale abinci ne mai kyau, ni ma ina cin kwaɗonsa, amma mutumin da ya tashi daga ciwon zuciya an ɗora shi bisa magungunan tsinka jini. Kar a haɗa masa komai sai likitansa ya sani.

Sarkin Zogale:
Majo kullum kai sai ka kushe na gargajiya. Kakanninmu da me suka rayu?

Mushe SVT:
Sarki, bari in amsa maka wannan, don akwai amsa. A wani bincike da ya fito a 2013, masana sun sa gawarwakin mutanen da, irin busassun nan da aka adana, guda 137 cikin na'urar hoto. Daga Masar, daga Peru, da wasu wurare biyu a nahiyar Amurka. Kashi ɗaya cikin uku an ga alamar taurin jijiya. Mutanen nan ba su san man jarka ba, ba su san dunƙule ba. Saboda haka ciwon ya girmi kantin kowa.

Zancen kumburi ma ba sabo ba ne. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, tun tsakiyar ƙarni na 19 ya ce kumburi yake gani a bangon jijiya. Sai a 1913 wani ɗan Rasha, Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, jijiyoyinsu suka lalace, duniya ta bi zancen maiƙo ta manta da na Virchow shekaru da yawa. A 1999 Russell Ross na Amurka ya sake tayar da maganar da ƙarfi, ya ce ciwon kumburi ne. Kowannensu ya kama ƙafa ɗaya ta akuya guda.

Ɗan Bagalam:
Na gode Malama Nana, na gode Mushe. Na gane zancen maruru. Amma har yanzu tambayata tana nan: yatsun fa?

Likita daga Yamai:
Ɗan Bagalam, sannu da jinya. Ban ga yayanka ba, amma yadda ka kwatanta, kumburin yatsu hannu biyu da sandarewar safe shekara da shekaru, ya yi kama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwa ke haddasawa. A wannan ciwo garkuwa ta yi ɓatan kai, tana kai wa gaɓɓai hari. Sinadaran da take zubawa don yaƙin ba sa tsayawa a yatsa, jini na kwashe su ya zagaya da su ko'ina. Su isa shimfiɗar nan da Nana ta faɗa su sa ta yi danƙo, fararen ƙwayoyi su riƙa mannewa, ƙananan marurun da ke kwance su yi saurin girma, fatarsu ta yi saurin sirancewa. Masu wannan ciwo haɗarin ciwon zuciyarsu ya ɗara na sauran mutane da kusan rabi. Likitocin gaɓɓai na Turai ma in sun lissafa haɗarin mai amosani, sai su ninka sau ɗaya da rabi.

Ba shi kaɗai ba. Akwai lupus, shi ma ciwon ɓatan kan garkuwa ne, wanda ya fi kama mata matasa. Wani bincike a Amurka a 1997 ya samu mata masu lupus ƴan shekara 35 zuwa 44 sun ninka tsararrakinsu haɗarin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya, fiye da sau 50, don a wannan shekaru mace lafiyayya da wuya abin ya same ta. Akwai kuma wani ciwon fata mai ɓawo-ɓawo, soriyazis, shi ma haka.

Sai zancen siranta. Kitsen da ido ke gani a tumbi daban, kolestarol da ke yawo a jini daban. Yawancinsa hanta ke ƙerawa, kuma gado na da hannu. Na sha ganin siriri da LDL a sama.

Jauro na Dakoro:
Likita, mu Fulani nono da man shanu muka tashi muna sha, ban taɓa jin wani a rugarmu jijiya ta toshe masa ba.

Babarbaren Sabon Gari:
Jauro, wa ya auna ku? Ku da in mutum ya faɗi sai ku ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiya. Kuma jinin da bai cika cokali ba me zai toshe?

Jauro na Dakoro:
Ji bawana yana magana cikin manya. Je ka jiƙa kanwarka.

Mushe SVT:
Raha ce suke yi amma Jauro ya taɓo wani abu, kuma shi ne inda nake da ja da masu cewa garkuwa ce komai. Akwai wata ƙabila a dajin Bolibiya, Tsimane. Manoma ne, mafarauta, masunta. Cututtuka da tsutsar ciki sun yi musu katutu, kusan rabinsu awon kumburinsu a sama yake. In kumburi kaɗai ke kawo ciwon, da sun fi kowa. Amma a wani bincike da ya fito a 2017 an ɗauki hoton zuciyar mutum 705 daga cikinsu, masu shekara 40 zuwa sama, kashi 85 cikin ɗari babu ko ɗigon tauri a jijiyar zuciyarsu. Ba a taɓa auna wata al'umma mai tsabtar jijiya kamarsu ba. LDL ɗinsu ƙasa, hawan jini kaɗan, wuni suke bisa ƙafa. Makiyayin da ke bin shanu daga safe zuwa magariba ya fi kusa da su. Jauro da ke zaune a shago da waya a hannu kuwa, Allah ya sawwaƙe.

Likita daga Yamai:
Mushe, ban ƙi taka ba. In babu LDL da ya maƙale a bango, sojojin ba su da abin taruwa a kai. Amma bari in kawo ɗaya ɓangaren, don an gwada shi a jikin mutane. A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CANTOS, ƙarƙashin Paul Ridker na Boston. Mutum 10,061, duk sun taɓa yin bugun zuciya, kuma awon kumburinsu bai sauka ba. Aka riƙa yi wa wasunsu allurar kanakinumab duk wata uku. Allurar ba ta taɓa kolestarol ko kaɗan, sinadari ɗaya tak take toshewa cikin waɗanda makrofaj ke kururuwa da su. Sake faɗuwa ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. Wannan ne ya rufe bakin masu cewa kumburin ɗan rakiya ne kawai.

Sai dai ga kuɗin da aka biya: waɗanda aka yi wa allurar sun fi mutuwa da cututtuka masu shiga jini. Ka kwantar da sojoji, ɓarayin gaske su samu hanya. Ku auna wannan a garin da masassarar cizon sauro da tarin fuka suke.

Ɗan Kabu-kabu:
Likita to mu da palu, masassarar sauron nan, ke kayarwa duk damina, mun shiga uku ke nan? Ni ko wata biyu ban yi da tashi ba.

Majo Burja:
Kwantar da hankalinka ƙanena. Abin da ake magana kumburi ne mai ci a hankali, shekara da shekaru, kamar wutar ƙaiƙayi. Masassarar kwana biyar da aka yi wa magani ta wuce daban ce. Amma ka tuna min wani abu. Awon kumburin nan sunansa CRP, hanta ke fitar da shi. Na ga masu zuwa su ce a yi musu don sun karanta a Facebook cewa yana nuna ciwon zuciya. In kana da palu, ko ciwon haƙori, ko gyambo, zai tashi sama ƙwarai, ba ruwansa da zuciya. Na zuciya irin mai auna ɗan kaɗan ne, daga miligiram 2 a lita ake fara kula, kuma sai mutum yana garau ake yin shi. Kar ka kai kuɗinka a banza. Kai abin da ya fi kusa da kai hayaƙin salansa da kake shaƙa da shishar da na san kuna sha da dare.

Ɗan Kabu-kabu:
Majo shisha ai ruwa ke tace ta.

Majo Burja:
Ruwa ke sanyaya ta, shi ya sa kake zuƙa da yawa.

Maman Sadiya:
Don Allah ku ba ni dama. Ɗiyata tana shekara 11 ta yi ciwon maƙogwaro, bayan sati kaɗan gwiwoyi suka kumbura, yanzu an ce zuciyarta ta taɓu, duk wata ana yi mata allurar penisilin. Mu ma an ce mana garkuwa ce. Ciwo ɗaya ne da na telan nan?

Nana Aji Shida:
Inna, sannu, Allah ya ba ta lafiya. Garkuwa ce a duka biyun amma ciwon ba ɗaya ba ne. Na Sadiya, ƙwayar cutar maƙogwaro ce ta yi kama da naman zuciya, garkuwa ta zo dukan cuta ta haɗa da ƙyauren zuciya, wato ƴan murafen da ke buɗewa su rufe in jini zai wuce. Jijiyoyinta lafiya lau. Allurar nan kar a tsallake ko sau ɗaya, ita ke hana ciwon maƙogwaron dawowa ya ƙara ɓata ƙyauren.

Mai Zaure:
Wata ƴar'uwa ta turo min wannan ta ce in saka ba suna: "Ina ɗauke da sida shekara goma sha biyu, ina shan magani ba fashi, cutar ma ba a ganinta a awo. Ni da aka ce garkuwata ce ta karye, ke nan wannan ciwon ba zai same ni ba?"

Likita daga Yamai:
Ƴar'uwa, madalla da riƙon magani, ki ɗore. Amsar sai dai ki yi haƙuri da ita. Ko cutar ta kwanta, garkuwar mai sida takan zauna a tsaye kamar mai gadin da ya taɓa ganin ɓarawo, ba ta komawa barci sosai. Masu ɗauke da ita haɗarin ciwon jijiyarsu ya kai kusan ninki biyu. Labari mai daɗi shi ne gwajin da aka kammala a 2023, mutum 7,769 masu sida a ƙasashe da dama har da na Afirka, aka ba rabinsu wani sitatin, maganin rage kolestarol. Ciwon zuciya da shanyewar jiki suka ragu da kashi 35 cikin ɗari. In kin kai 40, ki tayar da zancen a inda kike karɓar magani, a auna miki tansiyo, wato hawan jini, da sukari da kolestarol.

Sitatin ɗin nan ma abin lura ne ga gardamarmu da Mushe: yana sauke LDL, yana kuma sauke CRP. Jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Hajiya Mai Atamfa:
Likita ni duk kun rikita ni. In kumburi ne, ai maganin kumburi cike yake da kasuwa. Diklofenak ɗin nan da nake sha don gwiwa ba shi ke nan ba?

Ɗan Bagalam:
Hajiya kin riga ni. Yayana shekarun nan duka shi yake sha, safe da yamma, in ba haka ba ba ya iya riƙe almakashi. Da wata ƴar ƙaramar ƙwaya da wani mai tebur ke ba shi, in ya sha sai kumburin ya sace kamar an yi ruwa an ɗauke. Asibiti bai taɓa zuwa don yatsun ba.

Majo Burja:
Innalillahi. Ɗan Bagalam da ka fara da wannan. Ƴar ƙaramar nan ina kyautata zaton deksametazon ce ko ƴar'uwarta, irin wadda ƴan mata ke sha don su yi ƙiba. Tana kwantar da kumburi, gaskiya ne, amma in an daɗe ana sha tana ta da tansiyo, ta ta da sukari, ta tara ruwa a jiki, ta cinye ƙashi. Diklofenak kuma shi kansa yana ƙara haɗarin bugun zuciya, ya taɓa ƙoda, ya huda ciki, balle ga wanda yanzu ke shan maganin tsinka jini. Ka kwashi kwalayen duka ka kai wa likitansa gobe. Diklofenak ya ajiye. Ƴar ƙaramar kuwa kar ya yanke ta dare ɗaya in ya daɗe a kanta, a hankali ake janye ta, likita zai tsara.

Hajiya, ke ma ki je a duba gwiwar nan.

Hajiya Mai Atamfa:
To Majo, na ji. Ashe muna kashe kanmu da dala biyar-biyar.

Likita daga Yamai:
Majo ya gama magana. Kalmar kumburi ɗaya ce a baki, amma hanyoyinsa a jiki da yawa, ba kowane magani ke bin hanyar da ta shafi jijiya ba. Misali metotireksat, wanda shi ne ginshiƙin maganin amosanin gaɓɓai: an ba masu ciwon zuciya da ba su da amosani, sakamakon ya fito a 2018, bai rage komai ba. Amma masu amosanin da ke shan sa an lura sun fi samun sauƙin ciwon zuciya, don wutar tasu daga gaɓɓai take tashi. An kuma taɓa zargin wata ƙwayar cutar huhu da aka samu cikin marurun jijiya, aka ba dubban mutane antibiyotik wata da watanni, a banza.

Wanda ya ɗan yi abin kirki tsohon magani ne mai araha, kolshisin, na ciwon gaɓar babban yatsan ƙafa. Rabin miligiram a rana. Gwajin 2019 mai mutum 4,745 ya nuna ragin kashi 23, na 2020 mai mutum 5,522 ya nuna kashi 31, Amurka ta amince da shi don zuciya a 2023. Sai wani babban gwaji a 2024 bai ga amfani ba, har yanzu likitoci na ja-in-ja a kai. Na faɗi sunansa ne don ilimi. Tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa ba nisa, ga mai ciwon ƙoda guba ne. Kar in ji wani ya je farmasi.

Sarkin Zogale:
Likita, kolshisin ɗin nan ba daga tsiro aka samo shi ba? Ka ga ke nan mun dawo gidana.

Likita daga Yamai:
Daga tsiro ne, Sarki, wata fulawa ce mai albasa a ƙasa. Bambancin, an auna shi da rabin miligiram, an gwada shi a kan dubban mutane, an ƙirga waɗanda ya yi wa illa. Kawo haɗinka a yi masa haka, in ya ci ni zan fara rubuta shi.

Tsohon Direba:
Ni hwa har yanzu ina nan bisa zancen mai. Duk abin da kunka hwaɗi, in ba a ci mai ba ai maruru ba shi samun abin cika.

Mushe SVT:
Baba ai ba ka faɗi ba, rabin gaskiya na hannunka. Gyara ɗaya: man gyaɗa ba shi ne abin tsoro ba, kitsen dabba da man shanu da man da aka soya aka sake soyawa sun fi ta da LDL. Kuma abin da wuri yake farawa. A yaƙin Koriya an buɗe gawar sojojin Amurka 300, tsaka-tsakin shekarunsu 22, rahoton ya fito a 1953, kashi 77 cikin ɗari an ga alamar ciwon ya soma a jijiyar zuciyarsu. Samari ne majiya ƙarfi.

Majo Burja:
Ni a inda nake aiki abin da na fi gani ba kolestarol ba ne ba amosani ba, tansiyo ne. Mutum ya zo da 18 bisa 11 yana cewa shi lafiyarsa lau, ciwon kai kawai. Daga 14 bisa 9 an shiga hawan jini. Hukumar lafiya ta duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ke nan. Mu kuwa dunƙule huɗu a miya, ga gishiri, ga kanwa, ga yajin tsire. Shimfiɗar da Nana ta faɗa wannan ke fara ƙuje ta kafin sojoji su zo.

Maman Sadiya:
Majo miya ba dunƙule ai maigida sai ya ce an yi masa rowa.

Majo Burja:
Ki ƙara daddawa da albasa ki rage ɗaya, sati biyu ba zai lura ba.

Nana Aji Shida:
Tun da hunturu ya ƙarato bari in ƙara wannan don yayan Ɗan Bagalam. Wani bincike a Kanada a 2018 ya samu cewa a satin farko na mura mai tsanani, irin mai kayar da mutum da zazzaɓi, haɗarin toshewar jijiyar zuciya na ninkawa kusan sau shida. Garkuwa ta tashi gaba ɗaya, jini ya yi saurin daskarewa, marurun da ke jiran dalili ya fashe. In mura ta kama shi bana kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Dasashi ma a duba, masu ciwon dasashi mai zubar jini an lura ciwon jijiya ya fi yawa a cikinsu.

Jauro na Dakoro:
Yanzu dai wa ya ci, mai ko garkuwa? Ina so in san wanda zan bi.

Babarbaren Sabon Gari:
Bi saniyarka.

Mushe SVT:
Ni ina nan kan cewa LDL ne tushe, Tsimane sun ishe ni hujja.

Likita daga Yamai:
Ni kuma marasa lafiyar da LDL ɗinsu ya sauka ƙasa amma suka sake faɗuwa sun ishe ni, Mushe. Mu bar ta nan, ina da tiyatar sassafe.

Ɗan Bagalam:
Na je gidansa yanzu bayan isha'i. Na samu kwalayen cikin aljihun keken ɗinki, ƴar ƙaramar deksametazon ce kamar yadda Majo ya ce, kuma ashe tun da ya dawo daga asibiti bai daina sha ba, bai kuma gaya wa likita ba don kar a yi masa faɗa. Gobe da safe za mu koma. Majo, in je da takardun analiz na farko ma, ko kwalayen sun isa?

Majo Burja:
Je da duka, har ordonans, takardar maganin da aka sallame shi da ita. Kuma kar ya karya kafin ku tafi, wataƙila su ɗebi jini.